Wuƙaƙe Biyu da Hula Ɗaya

A cikin kuɗin mutanen Rum na dā akwai wani ɗan ƙaramin na azurfa, bai fi tsohon sisi faɗi ba, ana ce da irinsa denarius, sunan da Larabawa suka mayar dinari. Wanda ya sa aka buga shi Burutus ne, babban ɗan majalisar Rum, cikin shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa.

A gefe guda an zana wuƙaƙe biyu, da hula a tsakaninsu, irin wadda akan ba bawa ranar da aka 'yanta shi. A ƙasa an rubuta EID MAR, watau 15 ga Maris, ranar da Burutus da abokansa suka soke Yuliyos Kaisar a shekara ta 44. Manufar zanen ita ce, da wuƙa aka fanshi Rum daga bauta.

To, amma mu juya ɗaya gefen. Kan wa muka gani? Na Burutus ne. Alhali kuwa cikin abubuwan da aka ƙi Kaisar dominsu har da sa kamanninsa a kuɗi tun yana da rai, kamar yadda sarakuna ke yi. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Bugu da ƙari, Kaisar ɗin nan shi ya yafe wa Burutus bayan yaƙin Farsalus a shekara ta 48. Dukiyar da Burutus ya biya sojansa da ita kuwa, tilas ya karɓo ta daga garuruwan Asiya, har birnin Zantus ya ƙone da ya ƙi sallamawa.

Ba mu ce Burutus munafuki ba ne. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya ji tsoron mulkin mutum guda, tsoron kuma yana da dalili. Tambayarmu ita ce, kyakkyawar niyya tana wanke cin amana? Mu dai a ganinmu ba ta wankewa, gama wanda ya halatta wa kansa mugunyar hanya domin gaskiya, da wuya ya san inda zai tsaya.

Cikin shekarar da aka buga kuɗin, Antoni da Oktabiyan suka ci Burutus da yaƙi a Filibi, ya kashe kansa. Oktabiyan ne daga baya ya zama Augustus, sarautar da aka zub da jini don gudunta ta kafu.

Ku 'yan makaranta, watakila wata rana a ba ku riƙon jama'a. In kun ga laifin na gaba da ku, ku fara bincika ko ba ku soma aikata irinsa ba.