Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Ƙadangare ba ya fasa bango, ba shi da ƙarfin yin haka. Yawo kawai yake yi a jikin katanga yana gyaɗa kai har ranar da zai tarar da kafa. Shi ya sa magabata ba su ɗora masa laifi ba, suka mayar da zancen kan bango da mai bangon. An fi jawo wannan karin magana idan 'yan gida ɗaya sun ɓata har bare ya samu bakin magana. Amma wanda ya zauna a ƙasar Kura ko Bunkure, ya kalli dunduniyar manomin da ya fito daga gonar shinkafa, zai ga maganar ta zauna daram a jikin ɗan Adam.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Da damina shinkafa, da rani tumatir da alkama da albasa da masara. Alheri ne babba, kuma ƙafa ce ke biyan kuɗinsa. Da safe tana cikin laka wajen ban-ruwa ko dashe, da yamma iskar hunturu ta busar da ita. Fata ta jiƙa ta bushe, ta sake jiƙa, har dunduniya ta yi kaushi, kaushi ya zama faso, tsakanin yatsu kuma cin ruwa ya kama. Mutanenmu ba sa lissafa wannan cikin ciwo. Cewa ake yi ƙafar manomi ke nan.

To, tsagar bangon ke nan. Ƙwayar cutar sarƙewar haƙora tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, wato a cikin takin da muke kai wa gona da hannunmu. Jira take lauje ya yanki mutum, ko ƙusa mai tsatsa ta huda silifas, ko ƙaya ta karye a tafin ƙafa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake tarbar raunin: a ɗebi ƙasa ko toka a danna, a yagi tsumma a ɗaure, a koma bakin aiki. Bayan kwanaki muƙamuƙi ya riƙe, wuya ya sandare, sai a fara zancen iska ko sammu. Alhali wanke raunin da sabulu da ruwa mai tsabta, da zuwa asibiti a karɓi allurar rigakafi a ranar, su ne yaɓen da ake buƙata.

Mai ciwon suga shi ne bangonsa ya fi saurin tsagewa, kuma shi ne ba ya jin lokacin da ya tsage. Idan ciwon ya daɗe yakan kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa can. Dattijo zai wuni da tsakuwa a cikin takalmi bai sani ba. Zai miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta da sanyin asuba, fata ta sale, shi yana jin daɗin ɗumi. Ƙaramin ƙurji ya zama gyambo, gyambo ya ƙi warkewa, a yi ta shafe-shafe a gida wata da watanni. Ranar da za a ɗauke shi zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a cikin birni, sau da yawa maganar da ta rage ita ce ta inda za a yanke. Manomin da aka yanke wa ƙafa kuwa, gidansa gaba ɗaya aka gurgunta.

Shi ya sa nake ganin ƙimar ma'aikaciyar lafiyar da ba ta tsayawa ga awon jini da rubuta magani. Za ka ji ta ce, "Baba, a taimaka a cire takalmi in ga ƙafar." Tsoho ya ce, "'Yata, ai jiri ne ya kawo ni." Ta ce, "Na ji, Baba, amma a bari in duba." Ta buɗa tsakanin yatsu, ta taɓa tafin ƙafa ta tambaye shi ko ya ji. Aikin minti biyu ne, ba ya cin ko sisi. Mu kuma Allah Ya hutar da mu neman lokaci na musamman, tunda sau biyar a yini muke wanke ƙafa wajen alwala. Abin da ya rage shi ne a sunkuya a duba, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya a dunduniya kafin a kwanta, a zazzage takalmi kafin a saka. Wanda idonsa ya yi rauni, jika ya duba masa.

Cikin gida ma haka abin yake. Kura gari ne na shinkafa, kuma mata da yawa sana'arsu turara ta a manyan tukwane a tsakar gida, a daidai inda mai rarrafe ke wasa. Maganin feshi da maigida ya rage daga gonar tumatir sai a juye shi a robar lemo a ajiye a bayan ƙofa, yaro mai ƙishirwa kuwa robar ya sani. Ga kananzir a irin wannan robar, ga rijiya ba murfi, ga garwashi a ɗaki an rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Idan abin ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta hana a kewaye murhu ko a rataye guba inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sai dai akwai inda karin maganar ba ta kai ba, kuma adalci ne a faɗa. Tsargiya ba ta jiran faso. Tsutsarta tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwan kanal, ta ratsa lafiyayyar fata ta shige, har yaro ya fara fitsarin jini. A nan ba za a ce wa manomi ko ɗansa su ne suka bar bango ya tsage ba, domin ruwan nan shi ne abincinsu, a wasu ƙauyukan ma shi ne wurin wanki da wanka. Bangon da zai tare wannan na jama'a ne da hukuma: yashe kanal da cire ciyawar da dodon koɗi ke maƙalewa, samar da famfo da masai don a daina bahaya da fitsari a bakin ruwa, da raba maganin tsargiya a makarantun boko da na allo ba fashi. Takalmin ruwa ma, wanda ke kare mutum daga sarar maciji da yankan gilashi, ya fi ƙarfin ɗan ƙwadagon da ake biya kuɗin wuni, sai in ƙungiyoyin manoma sun sayo da yawa sun bayar bashi zuwa girbi.

Kada wani ya ce ba za a iya ba. Dattawanmu sun san kurkunu, tsutsar da ke fitowa ta ƙafa ta kwantar da majiyi ƙarfi a tsakiyar damina. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki aka yaƙe ta, ƙauye bayan ƙauye, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suna bin shugabanni suna matsa musu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da ita. Waɗanda suka yi ainihin aikin 'yan sa-kai ne na cikin ƙauyuka, masu shiga gida-gida. Irinsu ake buƙata yanzu a Kura da Bunkure, a koya musu duba ƙafar mai suga da gane raunin da bai kamata ya kwana a gida ba, a kuma tabbatar asibitin sha-ka-tafi mafi kusa yana da allurar rigakafin sarƙewar haƙora da za su tura mutum ya karɓa.