Gajiya Ko Lalaci: Da Wane Mudu Za Mu Auna?

A ƙasar Hausa idan aka ce da mutum "Ina gajiya?" amsar ɗaya ce: "Ba gajiya," ko da kuwa gwiwoyinsa rawa suke yi. Da wannan tarbiyya muka tashi. A Maruta da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, mukan auna magidanci da damman gero da dawar da ya ɗaure da kaka, mace kuwa da daka da surfe. To, mai karatu, wane suna za mu ba wanda ya kwana yana barci, ya tashi kamar an yi masa dukan tsiya, har wata 6 ko fiye? Bakinmu yakan yi saurin cewa raggo.

Alhali akwai ciwon matsananciyar gajiya, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ME/CFS. A 1955 ya kwantar da ma'aikata kusan 300 a asibitin Royal Free da ke Landan, kuma a 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Hutu ba ya kore shi. Babbar alamarsa ita ce, in mai shi ya matsa wa kansa yau, gobe ko jibi sai jiki ya rushe, ya yi kwanaki a kwance. Ba shi da gwajin jini guda, don haka sai likita, kamar a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ya fara tabbatar ba ƙarancin jini ba ne, ko ciwon sukari, ko tarin fuka.

Nan ne gizo ke saƙa. Nasiharmu ta kullum, "daure ka tashi," magani ce ga malalaci, amma guba ce ga wannan bawan Allah. Shi ya sa a 2021 hukumar NICE ta Ingila ta janye shawarar ƙara wa irin waɗannan majinyata motsa jiki hawa-hawa, ta ce su riƙa tattalin ƙarfinsu. Manomi ya san wannan hikima: wanda rumbunsa bai cika ba, da mudu yake awo don hatsi ya kai shi kaka. Haka mai ciwon zai raba aiki gida-gida, ya yi wani a zaune, ya huta tun kafin ƙarfi ya ƙare.

Saura namu. Addini ya yarje wa marar lafiya ya yi salla a zaune, ya ajiye azumi. Mu su wa da za mu fi haka tsanani? Gaskiya ne akwai malalata, amma gara mu kyautata wa raggo zato da mu zalunci majinyaci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da ke kife kai a kan benci kullum, likita yake buƙata kafin bulala.