Haƙƙin kazar da ta ƙoshi amma ta kasa tashi

A Dakoro ba sai an koya wa kowa haƙƙin dabba ba. Makiyayin da ke kora shanu zuwa kwarin Tarka ya san sai garke ya sha kafin shi ya huta. Kazar burola kuwa baƙuwa ce, kuma ta zo da tambayar da raƙumi bai taɓa jawowa ba: wanda ya cika mata ciki har ƙafafunta suka gaza ɗaukarta, ya sauke nauyin ciyarwa?

Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin kajin 1957 da na 2005 da abinci iri ɗaya. A kwana 56, tsohon irin bai kai kilo ɗaya ba, sabon ya haura kilo huɗu. Nama ke nan yana rige ƙashi girma. Ƙashin na buƙatar kalsiyam da fosfaras, kusan kashi biyu bisa ɗaya, da bitamin D3 da ke sa jiki ya tsotse su. In suka yi ƙaranci, ƙafa ta yi laushi ta lanƙwashe. In manganis ne babu, jijiyar gwiwa ta zame. Daga nan sai a ga kazar gurfane, tana jan ƙirji zuwa mazubin ruwa, a zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40.

Abincin buhu na da tsada, shi ya sa mai kiwo ke sirka shi da dusar gero da tunkuza. Ciki kan cika. Amma yawancin fosfaras ɗin dusa a ɗaure yake, kaza ba ta amfana da shi, tunkuza mai fumfuna kuma tana lalata hanta. Garin ƙashi da farar ƙasa, waɗanda ba su kai masara tsada ba, su aka fi mantawa.

Muhtasar na Shaihu Halil, wanda malaman zaure ke karantarwa a Maradi da Katsina, ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan ba ta da wurin kiwo, in ya ƙi a sayar da ita. Kazar gida tana tono, ta tsinci ƙwari da tsakuwa, ta sha rana, ta cike giɓin da kanta. Burola a kulle take. Abin da aka zuba mata shi ne dukan makiyayarta. Hadisin matar da ta tsare kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, a kan wannan gaɓa ya tsaya: tsarewa ce ta mai da abincin wajibi.

Wasu kan ce ai mako shida ne a yanka ta. Gajartar kwana ba ta rage zafin gurguntaka, kuma yankan halal ne, shari'a ba ta ce wahalar da ta gabace shi halal ba ce. Wanda jarinsa bai kai ya haɗa wa kaji ɗari cikakken abinci ba, hamsin ya kamata ya zuba.