Ɗakin kwaɗo da idon mai kiwonsa

A shagunan sayar da dabbobin gida na Amurka da Turai da Japan, akwai wani kwaɗo da ake ajiyewa cikin ɗan kofin roba, ɗan mitsitsi, kore shar da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa. In ya samu ci, kafin shekara ta zagayo ya cika tafin hannu. Macen ta fi namijin girma, takan kai santimita 13 ko fiye, kuma in ka dube ta ta gaba sai ka rantse duk jikin baki ne. Wannan ya sa masu kiwonsa suka laƙaba masa sunan Pac-Man, wasan kwamfutar nan da kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980, na wani dunƙulallen kai da ba shi da aiki sai haɗiya. Masana kuwa Ceratophrys suke kiran danginsa. Ana kuma ce masa kwaɗo mai ƙaho, amma ƙahon da ake faɗa ba ƙaho ba ne, fatar saman idonsa ce ta yi tsini.

Gidansu Kudancin Amurka. Iri biyu aka fi kiwo: ɗaya daga filayen ciyawa na Pamfas, a Ajantina da Yurugwai da kudancin Brazil, ɗayan daga yankin Cako, wanda ya ratsa Ajantina da Boliviya da Faragwai, ƙasar da rani ke tsanani damina kuma ta zo da malale. A can, sana'arsa ɗaya ce, kwanton ɓauna. Yakan sa ƙafafun baya ya tona ƙasa, ya nutse ciki har sai idanu kaɗai suka rage a waje, ya zauna. Kwana biyu, kwana biyar, bai motsa ba. Fara ta gifta, ko ɓera, ko ɗan'uwansa kwaɗo, sai baki ya buɗe ya rufe, shi ke nan.

To, wanda ya saye shi ya kai gida, abin da zai fara yi shi ne haɗa masa akwatin gilashi, wanda ake ce wa terariyam. A nan ne abin lura yake, domin kusan duk ɓarnar da ake yi wa wannan dabba ba mugunta ke kawo ta ba. Ƙauna ce.

Mai kiwo yana so akwatin ya yi kyau a falo, sai ya shimfiɗa tsakuwa masu launi a ƙasa. Shi kuwa kwaɗon ba ya tsince abinci. In ya kai wa gyare wawura, duk abin da ke kusa da gyaren tare yake tafiya ciki, tsakuwar ta je ta tsaya a hanji, ta toshe. Abin da ya dace da shi ba shi da wani kyan gani: niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, ko ƙasa mai laushi da ba a sa mata taki ko maganin ƙwari ba, a zuba ta yi zurfin santimita 8 zuwa 10, yadda zai iya binne kansa gaba ɗaya. Ana jiƙa ta, amma da iyaka. Ka damƙi cikin hannu ka matse: in ta dunƙule ba ta tsiyaya ba, ta yi, in ruwa ya biyo yatsunka, ka wuce gona da iri, sai funfuna da wari da ciwon fata.

Sai batun ruwa. Kowa ya ji an ce kwaɗo, tafki ne ke faɗo masa a rai, sai ya sa kwano mai zurfi. Wannan kuwa bai iya iyo sosai ba, ƙafafunsa gajeru ne, jikin ya yi musu nauyi, yana iya nutsewa a ruwan da ya sha kansa. Faranti mai faɗi ake sa masa, wanda in ya zauna ciki ruwan ba zai wuce haɓarsa ba. Kwaɗo ba da baki yake sha ba, ta fatar cikinsa yake zuƙar ruwa, don haka duk abin da ke cikin ruwan kai tsaye yake shiga jininsa. Ruwan famfo mai kulorin sai an kashe kulorin ɗin tukuna. Kuma tunda a farantin nan yakan yi bahaya, kullum sai an sauya. In an bar shi kwance cikin ƙazantarsa, ita ma ta fatar za ta koma masa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na ɗumi. A ƙasashen sanyi dole a ɗumama akwatin, don kwaɗon yana son zafi tsakanin digiri 24 da 28 da rana, ya ɗan sauka da dare. Akwai wata 'yar shimfiɗar lantarki da ake liƙawa a jikin gilashi. Hankalin mutum yana ba shi cewa a ƙarƙashi ya kamata a liƙa ta, tunda a ƙasa dabbar take kwana. Amma a dajin Cako zafi daga sama yake zuwa, sanyi yana ƙasa. Kwaɗon in ya ji zafi tonawa yake yi ya ƙara nutsewa, haka kakanninsa suka tsira. Ka sa wuta a ƙarƙashinsa, dabarar da ya gada ita za ta kai shi kan wutar: yana jin zafi yana tonawa, yana tonawa yana ƙara kusantar abin da yake gudu. A gefe ake liƙa shimfiɗar, gefe ɗaya tak, a haɗa ta da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai iyaka, ɗaya gefen a bar shi da sanyinsa don dabbar ta zaɓa da kanta. Wanda zai yi wannan kiwo a Kano ko Maradi kuma matsalarsa a juye take. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, sanyaya ɗakin ne aikinsa, lokacin hunturu kuma ya yi ta feshin ruwa don kada iskar ta busar da ƙasar.

Akwai kuma mai tausayin da zai ce, kai, bawan Allah nan shi kaɗai, bari in samo masa abokin zama. Da safe zai tarar da kwaɗo ɗaya, ya ƙara ƙiba. Tun suna talibambam suke cin junansu. Akwati ɗaya, kwaɗo ɗaya, kuma ba ya bukatar fili: mai cin lita 40 ya ishi namiji, a ƙara wa babbar mace kaɗan.

In an bi duk wannan, an sa murfin raga don iska, an jingina ɓawon itace ko ganye a kusurwa don ya samu inuwa, an ajiye akwatin inda rana ba ta dukansa, me mai gida zai gani? Akwatin ƙasa, da idanu biyu a tsakiya. Baƙo ya zo ya leƙa ya ce, ina kwaɗon? Nan fa ake gane wanda ya gina don dabbar da wanda ya gina don idonsa. Na biyun ba ya iya haƙuri, sai ya sa hannu ya tono shi ya nuna wa mutane, alhali gishirin gumi da man shafawa da sabulun da ke hannun mutum duk cuta ne ga fatar da take shan komai.

Ba a kan kwaɗo kaɗai muke wannan ba. Yaro ya samu buɗi a birni, ya koma gida ya rushe ɗakin tsohuwarsa na ƙasa, mai sanyi da rana, ya gina mata na siminti da kwano, ya shimfiɗa tayil mai sheƙi har banɗaki. Jama'a suna ta sa albarka. Tsohuwa kuwa tana tafiya tana dafa bango don tsoron santsi, da azahar ta ja tabarmarta ta koma gindin bishiya. Ba wanda zai ce ba ya son uwarsa. Tambayar da ya yi wa kansa ce ba daidai ba: ya tambayi me zai yi kyau a ce na yi mata, bai zauna ya kalli yadda take wuni ba. Garin gyaran gira ake rasa ido. Kwaɗo dai ba shi da bakin godiya ko na ƙorafi, shi ya sa kiwonsa ke tilasta wa mutum kallon da ya kamata ya fara yi tun kafin ya sayi gilashi.

Wani lokaci ma kallon ne ke ceton ransa. In ƙasar akwatin ta bushe, kwaɗon yakan ɗauka rani ne ya shigo. Sai ya nutse, ya daina ci, ya yi ta saɓa ba tare da ya yar da tsohuwar fatar ba, har ta taru ta zama busasshen kwanso da ke riƙe masa ruwan jiki. Wasu kwaɗin namu na nan ma haka suke ƙetare rani a ƙarƙashin busasshen tafki. Wanda bai sani ba zai ga abu a ƙandare ya ce ya mutu, ya kai shi bola da ransa. Alhali in aka jiƙa ƙasar sannu a hankali, aka sa shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi marar zurfi, sai ya farfaɗo, ya tuɓe kwanson ya cinye abinsa.

Ci ma haka. Ba ya ƙin tayi, kuma kallon yadda yake haɗiye ɓera yana burge mutane, sai a yi ta ba shi. Kitse ya taru, har ya kai ga farin hazo ya rufe masa ido. Abincinsa na yau da kullum tana ce da gyare da kyankyaso na kiwo, a barbaɗa musu garin kalsiyam da bitamin D3, in ba haka ba ƙashinsa ya yi laushi, muƙamuƙi ya saki. Ƙarami yana ci kusan kullum, babba sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Da kulawa irin wannan yakan shekara 6 zuwa 10, wani ma ya wuce.

Da dogon hantsaki ake miƙa masa abinci, ba da yatsa ba, don yana da haƙora. Wani bincike da aka buga a mujallar Scientific Reports a 2017 ya auna cizon ƙaraminsu, mai faɗin kai santimita 4.5, ya kai kwatankwacin nauyin kilo 3, kuma in ya kama ba ya son saki. Makiyayan Ajantina sun daɗe suna cewa yakan maƙale wa doki a leɓe har dokin ya mutu. Wannan zance ne kawai, cizonsa ba shi da dafi. In ya kama yatsa, kada a fizge, don ana iya ji masa rauni a muƙamuƙi. A kai hannun ƙarƙashin ruwa mai zuba a hankali har ya saki da kansa, a mai da shi ƙasarsa, sannan a wanke hannu da sabulu, saboda kwaɗi kan ɗauki ƙwayar salmonela.