Himma Ta Fi Baiwa Nisan Zango

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, hikima ɓatacciyar dabbar mumini ce, duk inda ya gan ta sai ya kama abinsa. Saboda haka a wannan mako za mu ɗauko darasi daga fagen tseren dogon zango.

An yi wani mutum mai suna Emil Zatopek, wanda aka haifa a shekarar 1922 a ƙasar da a lokacin ake kira Cekoslobakiya. Yana saurayi yana aiki a masana'antar takalma ta Bata aka tilasta masa shiga wani tsere, ya yi ta neman uzuri bai samu ba, ya shiga ya zo na biyu. Tun daga ranar kwaɗayin zama na ɗaya ya kama shi. Gudunsa ba shi da kyan gani, kai yana rangaji, fuska a murtuke kamar mai jin ciwo, amma ya lizimci horon kansa kullum, cikin sanyi da ƙanƙara, wani lokaci ma da takalman soja masu nauyi a ƙafarsa.

A wasannin Olimfik na birnin Helsinki a 1952, sai ya cinye tseren mita 5,000 da na mita 10,000, sa'an nan ya shiga babban tseren nan na kilomita 42, wanda bai taɓa yi ba a rayuwarsa, shi ma ya cinye. Jim Peters na Ingila kuwa, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa gudun wannan zango da saurinsa, bai kai ƙarshe ba.

To, ya ɗan'uwa, baiwa kyauta ce daga Allah, babu mai musu. Amma a Suratun Najmi abin da aka tabbatar wa ɗan Adam shi ne sakamakon abin da ya wahala a kansa. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Wannan ita ce ɗabi'ar mai tseren nesa, domin kuwa wanda ya fita da ƙarfinsa duka tun farko, a hanya yake zubewa.

Son wuce tsara ma ba aibu ba ne idan an tsarkake niyya. Sayyidina Umar ya kawo rabin dukiyarsa sadaka yana fatan ya tsere wa Sayyidina Abubakar, sai ya tarar Abubakar ya kawo tasa dukkanta, kuma wannan bai sa masa ƙiyayya ba. Abin gudu shi ne hassada da riya.

Saboda haka muna kira ga iyaye da malamai su daina kiran yaro daƙiƙi don yana jinkirin hadda. Sau nawa mai kaifin ƙwaƙwalwa ya dogara da baiwarsa ya tsaya a izu goma, alhali wanda ake yi wa dariya ya nace wa allonsa har ya sauke? Kalmar nan guda tana iya raba yaro da karatu har abada, kuma za a tambaye mu a kanta. Hausawa sun ce himma ba ta ga rago.

Allah Ya ba mu himma da juriya, Ya sa mu cika da imani, amin.