Godiyar Kaka A Shekarar Da Rumbu Bai Cika Ba

Karatu: 2 Korintiyawa 8:1-21, 2 Sama'ila 24:18-25.

 Ga kaka ta zo. An yanke gero, ana kaɗe riɗi, dawa kuma ta sunkuyar da kai. A ekklesiyoyinmu na Dutse da ƙauyukan da ke kewaye, dattawa suna sa ranar godiyar kaka. Wanda rumbunsa ya cika yana murna da zuwan ranar. Amma akwai ɗan'uwa da ke zaune a bencin baya, yana tambaya a zuciyarsa, "Ni da ruwa ya cinye gonata, da me zan gode? Me zan kawo?"

Kada mu tsauta masa, gama tambayarsa tana da dalili. Ba mu manta da shekarar 2022 ba, lokacin da ambaliya ta shafe gonaki a Ringim, da Jahun, da Miga, da Kafin Hausa, mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu a Jihar Jigawa. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da kuɗin mudu suka tashi tare. A daren 15 ga Oktoba 2024 kuma tankar mai ta kama wuta a Majiya, cikin ƙasar Taura, mutane fiye da 150 suka mutu. Mai wa'azin da ya ce wa mutanen da suka ga waɗannan abubuwa su yi godiya, lalle ne ya faɗa musu dalili. Bari mu nemi dalilin cikin Maganar Allah.

1. GODIYA

Manzo Bulus ya ba Korintiyawa labarin ekklesiyoyin Makidoniya. Mutanen nan suna cikin tsanani, talaucinsu kuma ya kai matuƙa. Duk da haka suna cike da farin ciki, har suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu cikin gudummawar da ake tara wa tsarkaka na Urushalima. Ku lura fa, ba Bulus ne ya roƙe su ba, su ne suka roƙe shi.

Ina suka sami wannan farin ciki? Ba daga rumbu ba, gama rumbunsu wofi ne. Sun same shi daga abin da ruwa ba ya ci, wuta kuma ba ta ƙonewa, wato alherin Yesu Kristi, wanda yake mawadaci amma ya zama matalauci saboda mu. Idan godiyarmu tana rataye a kan yawan damin da muka ɗaure, za ta riƙa hawa da sauka kamar farashin hatsi a kasuwar Shuwarin. Idan kuwa tana rataye a kan gicciye, shekarar fari da shekarar ƙoshi duk ɗaya ne gare ta.

Annabi Habakkuk ya san wannan. A ƙarshen littafinsa ya lissafta hasarar manomi ɗaya bayan ɗaya, itatuwa ba 'ya'ya, gona ba amfani, garke ba dabba, sa'an nan ya ce shi dai zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Bai ɓoye hasarar ba. Mu ma ba a ce mu yi kamar ba mu ji zafi ba. Mai bi yana iya share hawaye da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan ga Ubangiji.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Kutare 10 Yesu ya warkar, ɗaya tak ya komo ya gode, shi kuwa Basamariye ne (Luka 17). Sauran 9 sun sami lafiyar jiki, amma ba su komo wurin Mai ba da ita ba. Ɗan'uwa, kafin ka ƙidaya damin da ka rasa, ka ƙidaya 'ya'yanka da suka kwana lafiya, da numfashin da ke hancinka, da zunubanka da aka gafarta.

2. DOGARA

Kowane manomi a cikinmu ya riga ya san dogara, ko da bai san sunanta ba. Ku tuna da ƙarshen bazara. Rumbu ya kusa kaiwa ƙasa, uwargida tana auna tsaba da hankali, yara suna kallon tukunya. Ruwan fari ya sauka. Sai maigida ya ɗauki mafi kyawun zangarniyar da ya ɓoye tun kaka, ya sussuke, ya tafi ya binne ta cikin ƙasa. Baƙon da bai san noma ba zai ce mutumin nan ya haukace, yana zubar da abincin 'ya'yansa. Amma wanda ya cinye irinsa domin tsoron yunwar yau, shi ne yunwar baɗi za ta kama.

Haka kuma mai dasa dabino a nan Dutse. Yakan yi shekaru yana ban ruwa kafin ya ɗanɗana ƙwaya ɗaya. Sau da yawa tsoho ne ke dasawa, jikoki su ci.

To, idan muna iya amincewa da ƙasa mu ba ta irinmu, ƙasar da wani lokaci takan mayar, wani lokaci ta hana, yaya za mu kasa amincewa da Wanda ya yi ƙasar? Gwauruwar nan ta Zarefat ba ta da kome sai ɗan gari a tukunya da ɗan mai a kwalba, tana tsintar itace domin ta yi abincin ƙarshe, ita da ɗanta. Ta fara toya wa Iliya, garin kuwa bai ƙare ba har ranar da ruwa ya sauko (1 Sarakuna 17). Ku lura da wannan kuma: Allah bai cika mata rumbu ba. Abincin yini ya riƙa ba ta, kowace safiya sai ta sāke leƙa tukunya, ta sāke dogara.

A nan dole mu yi gargaɗi. Akwai masu wa'azi a zamanin nan da ke cewa, "Ka shuka naira dubu, ka girbe dubu ɗari." Wannan ba dogara ba ce, ciniki ne. Allah ba ɗan kasuwa ba ne, baiko kuma ba adashi ba ne da za mu zauna muna jiran ranar kwasarmu. Alkawarinsa shi ne ba zai yashe mu ba, wannan kuwa ya fi dubu ɗari.

3. BAYARWA TA SADAUKARWA

Lokacin da annoba ta faɗa wa Isra'ila, aka umarci Sarki Dawuda ya gina bagade a masussukar Arauna Bayebuse. Arauna ya ce ya ba sarki filin, da shanun, da itacen, duka kyauta. Dawuda ya ƙi. Ya ce ba zai miƙa wa Allahnsa hadayar da bai biya kome a kanta ba. Ya auna shekel 50 na azurfa ya biya.

Bari mu auna kanmu da wannan mudu. Sau nawa muke kawo damin da gara ta fara ci, ko kazar da muka ga ta fara rufe ido, ko tsohuwar takardar kuɗi da mai shago ya ƙi karɓa? Maƙwabtanmu Musulmi suna fitar da zakkar hatsi, dami 1 cikin 10 na gonar da ruwan sama ya shayar, tun amfanin yana gona. Mu da muke cewa an fanshe mu da jinin Ɗan Allah, ya kamata mu zama masu jan ƙafa?

Amma ga ta'aziyya ga ɗan'uwan nan na bencin baya. Bulus ya ce ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi, ba bisa ga abin da ba shi da shi ba. Yesu ya zauna yana duban masu zuba kuɗi a Haikali, wadda ya yaba kuwa gwauruwa ce mai 'yan anini 2 (Markus 12). Saboda haka kada kowa ya ci bashi domin a tafa masa ranar godiya. Idan mudu ɗaya ne ƙarfinka, ka kawo shi ba tare da kunya ba.

Kada kuma mu rena ƙaramin abu. A ƙasar Mizoram, a arewa maso gabashin Indiya, tun 1910 matan ekklesiya suke da wata al'ada. Duk lokacin da mace za ta ɗora tukunya, sai ta ɗebi shinkafa cikin hannu ɗaya ta ajiye domin Ubangiji. Ana tarawa, a sayar, a tallafi aikin bishara. Ku 'yan Zumuntar Mata, ku yi lissafi. Gidan da ke girki sau 2 a yini zai ajiye hannu 60 a wata. Gida 30 kuwa hannu 1,800 ke nan. Da yayyafi kogi kan cika.

Mu kanmu 'ya'yan irin wannan bayarwa ne. A 1893 samari 3, Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara ƙasashen nan. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Ba su ga girbi ba. Amma a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikin harshen Hausa, ga mu yau muna karanta shi. Wasu sun dasa, mu muna ci. Wa zai ci abin da muka dasa?

KALMA GA DATTAWA

Bulus bai ɗauki gudummawar nan shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da 'yan'uwa da ekklesiyoyi suka amince da su, domin kada a sami abin zargi. Haka ya kamata mu yi. A ƙidaya baiko a gaban mutum 2 ko 3, a rubuta, a karanta wa jama'a. Kada kuma hatsin godiya ya ƙare a kan gini da biki kaɗai. A ware rabon gwauraye da marayu, da masu bishara na ƙauye, da maƙwabcin da ruwa ya rushe wa ɗaki, ko mai bi ne ko ba mai bi ba. Gumin talaka ne a hannunku, za ku ba da lissafinsa.

A ƙarshe, 'yan'uwa, asirin mutanen Makidoniya shi ne sun fara ba da kansu ga Ubangiji, sa'an nan abin hannunsu ya biyo baya. Wanda bai ba da zuciyarsa ba, ko ya kawo buhu 10, bai kawo kome ba tukuna. Kai mai karatu, ka ba shi kanka?

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin abin da ka ba mu, mun kuma amince da kai a kan abin da ka hana mu. Ka karɓe mu tukuna, sa'an nan ka karɓi abin hannunmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.