NA IDO DA NA HANNU

Yau wata 'yar tambaya na zo mana da ita, wadda ta hana ni barci kwana da kwanaki a ɗakina a nan Durun, ta ƙaramar hukumar Kabo. Tambayar kuwa ita ce, idan abu biyu suka haɗu, ɗaya yana burge ido ɗaya yana yi wa hannu daɗi, kuma ba ki da halin haɗa su duka, wanne ya kamata ki ɗauka? Kada ki yi saurin ba ni amsa, bari ki ji inda tambayar ta samo asali.

Akwai ƙanin maigidana da yake aiki a wani situdiyo a Kano, inda ake haɗa waƙoƙin fim. Da kaka ta yi ya zo mana hutu, ya taho da jitarsa irin mai amfani da lantarki. Wallahi abar gwanin kyau, ja ce wur, sai sheƙi take yi kamar sabon kwalla, har kina iya ganin fuskarki a jikinta. Yaran gida suka yanyame shi, ni ma ina leƙowa daga bakin murhu.

Washegari da hantsi na fito shanya, sai na tarar da shi zaune a kan tabarma, ya kifa jitar a cinya, ya sami sanfefa mai laushi irin ta kafintoci yana goge bayan wuyanta, wato dogon icen nan da ake riƙewa da hannun hagu. Sheƙin nan duk ya dusashe, sai farar ƙura ke zuba. Na saki kwandon da ke hannuna na ce, “Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa? Kuɗi ne suka yi maka yawa?”

Ya yi dariya ya ce, “Matar Yaya ke nan, ke dai ba kya raina abin faɗa. Miƙo hannunki.”

Ya sa na shafa fuskar jitar inda sheƙin yake. Da yake tafin hannuna da ɗan gumi, sai na ji yana kamawa, yana tsayawa, kamar an shafa danƙo. Sannan ya sa na shafa inda ya goge. Sai hannun ya wuce sumul, ba abin da ya riƙe shi. Ya ce, “To kin ji. Ni hannuna sama da ƙasa yake yi a kan wuyan nan, wani lokaci awa uku ban huta ba. Idan ya maƙale, kiɗan ya ɓaci.”

Daga nan ya yi mini bayani. Ya ce masu ƙera jita, irin kamfanin Fender na Amurka da ya fito da samfurin Stratocaster a 1954, fenti iri biyu suke yi wa wuyanta. Akwai mai sheƙi, wanda ake fesawa sau da yawa sannan a goge shi da inji har ya zama kamar madubi. Akwai kuma marar sheƙi, wanda ake zuba wa wani sinadari da ke sa fuskarsa ta yi ɗan kaushin da ido ba ya gani. Shi mai sheƙin, saboda tsabar laushinsa, fatar hannu mannewa take yi a jikinsa gaba ɗaya, da an yi zufa sai ya kama. Shi kuwa ɗayan, fata ba ta manne masa duka, sai hannu ya zame. A kanti mai sheƙin ne ke jan mai saye, amma makaɗa da yawa da sun kai gida sai su nemi sanfefa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganarsa ta ƙarshe. Ya ce, “Kin san abin mamaki? Wannan da na goge, idan na yi ta kaɗawa, wata rana zai sake yin sheƙi da kansa, daidai wurin da hannuna yake bi.”

Ina jin haka sai idona ya kai kan taɓaryar da na gada wurin Inna, tana jingine a gindin rumbu. Ba a taɓa shafa mata fenti ba, amma tsakiyarta inda ake riƙewa baƙi ne siɗik yana ƙyalli. Haka muciyata, haka ƙotar fartanyar maigida. Ashe sheƙi iri biyu ne a duniya. Akwai wanda ake saye a kasuwa, kullum raguwa yake yi. Akwai wanda aiki ke kawowa, kullum ƙaruwa yake yi.

To 'yar uwa, ga dalilin da maganar ta soke ni. A lokacin nan saura wata biyu bikin 'yata ta fari, kuma ni da mahaifinta ba ma ga maciji a kan kayan ɗaki. Na je Kano na ga wani saitin gado da kabad mai ƙyalli, na dawo na kafe a kan shi za a saya ko a fasa. Kuɗinsa kuwa sai an sayar da rabin dawa da masarar da muka noma, an kuma haɗa da kwasar adashina, sannan a ciwo bashi a kai. Maigida ya ce akwai kafinta a Gwarzo da zai yi mata gado na katako mai ƙwari, ba shi da wannan walƙiya amma zai kai ta shekaru. Na ce Allah Ya kiyaye, so yake dangin miji su zo ganin jere su koma suna yi da mu?

Daren nan na zauna na tambayi kaina, gadon nan wa zan saya wa? Ita yarinyar da za ta kwanta a kai, ko matan da za su shigo ranar buɗar kai su kalla na minti goma su fita? Masu kallo ba za su zo ba ranar da damina ta shiga, allon da aka matse da garin katako ya sha danshi ya kumbura. Ba za su zo ba ranar da rumbunmu ya ƙare tun kafin shuka ta fito, ƙannenta suna kallon tukunya. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Kada ki ce na zama maƙiyiyar ado. Ko kusa. Ki lura, yaron nan bai taɓa fuskar jitarsa ba, ya bar ta da sheƙinta, domin fentin yana kare icen daga danshin damina da bushewar hunturu, kuma mai kallo ma yana da nasa hakkin. Wurin riƙo kaɗai ya goge. Haka mu ma, ki yi lallenki, ki yi kitsonki, ki wanke kwallayenki su yi ta ɗaukar ido, wannan duk daidai ne. Inda matsalar take shi ne a kai sheƙi wurin da hannu ke aiki, har ya hana aikin tafiya. Wata ta jera kwanuka har rufi amma ba ta yarda a ci abinci a ciki. Wata ta shimfiɗa kujeru amma 'ya'yanta ba su isa su zauna ba. Wata kuma bakinta zuma ne ga baƙi, amma wanda yake zaune da ita dare da rana shi ya san inda take kamawa.

Ki tuna marigayi Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015. Kuntiginsa ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, ba wani ƙyalli a jikinsa, amma da shi ya zaga duniya. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ƙwarya ce kayan kiɗanta, irin wadda muke dama fura a ciki. Har yau ba wanda ke tambayar ko ƙwaryar tana walƙiya.

Daga ƙarshe dai kafintan Gwarzo ne ya yi gadon. Ba zan ɓoye miki ba, ranar jere na ji wata tana raɗa wa 'yar uwarta magana, kuma abin ya yi mini ciwo. Amma hatsinmu ya kai mu sabuwar kaka, ba wanda ya yi mana sallamar bashi. Cikin kayan da na haɗa wa yarinyar har da sabuwar taɓarya, fara fat, ko alamar ƙyalli babu. Na ce mata, “Ungo 'yar nan, wannan ke za ki sa mata nata sheƙin.”

To ke fa 'yar uwa, a ɗakinki me kika ajiye don ido, me kika ajiye don hannu? Allah Ya sa mu dace, amin.